Igiya Ta Yi Magana, Ba Wanda Ya Ji

Mu a Maradi ƙanƙara abar saye ce. In azumi ya faɗo cikin bazara za ka ga yara da la'asar suna gudu da ita a leda, kowa na son ya kai gida kafin ta narke. Sanyin da muka sani kuwa shi ne na hunturu, wanda ke sa manomin Jiratawa ya hura 'yar wuta a bakin gona da asuba kafin ya yarda ya sa hannu cikin ruwan ban-ruwa. Don haka in na ce akwai inda ƙanƙara ke zama rufi a kan teku, mutum ya goya tukunyar iska ya shiga ƙarƙashinta, na san wani zai ce wannan ba zancenmu ba ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da na bi labarin wasu mutum biyu da suka rasu a 2006, na tarar ashe labarin igiya ne. Igiya kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana yasa ya san ta.

Ranar Alhamis 17 ga Agusta, 2006, wani jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara ya tsaya cikin Tekun Arktik, fiye da kilomita 800 arewa da garin Barrow na jihar Alaska. Sunan jirgin Healy, tsawonsa mita 128, mallakar Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka ne, daga birnin Seattle yake tasowa. Aikinsa ya kai masana kimiyya inda wani jirgi ba ya iya kai su. Mutanen ciki sun yi makonni ba su taka komai ba sai ƙarfe, don haka da aka sami shimfiɗar ƙanƙara mai kauri, kuma gari ya yi kyau, sai kyaftin ya ba da hutu. Aka sauke tsani, jama'a suka bazu a kan ƙanƙara. Wasu na ƙwallo, wasu na ɗaukar hoto, wasu na tsalle cikin ruwan sanyi su fito da gudu ana shewa. An kuma raba giya.

Cikin wannan hidima Laftana Jessica Hill ta nemi izinin yin nutso. Shekarunta 31, ita ce jami'ar da ke kula da harkar nutso a jirgin. Tana son abokan aikinta biyu, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga makaranta ba, su ɗanɗana ruwan sanyi su saba da kayansa. Abin da ta tsara ba wani babban abu ba ne: a sauka mita 6 kacal, a yi minti 20, a fito, a huta, a sake. Rijiyoyi da yawa a unguwanninmu sun fi haka zurfi. Kyaftin ya amince, ba wanda ya zauna ya gwada tsarin da abin da ƙa'ida ta ce.

Ƙa'idar kuwa a rubuce take. Littafin nutso na sojan ruwan Amurka, wanda su ma shi suke bi, ya ce irin wannan aiki na mutum huɗu ne masu horo. Biyu su shiga ruwa. Ɗaya ya tsaya a sama yana shugabanci, idonsa kan agogo da igiya, ba ya jiƙa ko ƙafa. Na huɗu ya zauna a bakin ruwa sanye da kayansa tsaf, mai jiran ko-ta-kwana ke nan, wanda in an yi kira zai faɗa kafin a rufe baki. A jirgin Healy masu horon nutso uku ne rak, kuma su ukun aka shirya za su shiga tare. Shugaba na cikin ruwa, mai jiran ko-ta-kwana babu shi.

To wa zai riƙe igiya? Sai aka nemi masu taimako daga cikin ma'aikatan jirgi da ke hutu a wurin. Mutanen kirki ne, da zuciya ɗaya suka zo, amma ba a taɓa horar da su kan wannan aiki ba. Aka yi musu bayani a tsaitsaye. Bincike ya nuna daga baya cewa cikinsu akwai waɗanda suka ɗan sha abin da aka raba. Masu nutson su kam ba su sha komai ba.

A nan ya kamata in dakata, don wanda bai san aikin ba zai ɗauka riƙon igiya aikin yaro ne. A buɗaɗɗen ruwa, mai nutso in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa yana da mafita ɗaya da ba ta toshewa: ya yi sama. A ƙarƙashin ƙanƙara sama bango ce. Ƙofa ɗaya ce, wadda aka shiga ta cikinta, kuma da mutum ya yi nisa kaɗan ta ɓace masa. Shi ya sa ake ɗaura masa igiya a ɗamarar da ke jikinsa, ba a jikin kayan da zai iya tuɓewa ba, a kulle da maƙalli mai makulli, ɗaya bakin kuma a kafe shi a ƙanƙara. Igiyar nan hanya ce, kuma baki ce. A tsarin sojan ruwa, in na ƙasa ya ja sau ɗaya yana cewa lafiya nake. Sau biyu, saki mini. Sau uku, ɗauke sako-sakon. Sau huɗu, jawo ni. In ya jera huɗu-huɗu har sau uku, to rai ne, a jawo shi yanzu. Amma sanin lissafin ba shi ne ƙwarewa ba. Ƙwararren mai riƙo ba ya barin igiya ta yi sako-sako, ba ya kuma barin ta gudu. Yana ƙirga abin da ya saki. Yana duban inda ta karkata, gefe ta nufa ko ƙasa. Da tafin hannunsa yake bambance jan mutumin da ke iyo da jan nauyin da ke faɗuwa. Wannan ba ya samuwa da bayanin minti biyar.

Ruwan ranar ya kusa digiri 2 ƙasa da sifiri. Gishirin teku ne ke hana shi daskarewa a inda ruwan randa zai daskare. Ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Wani masani na Jami'ar Manitoba a Kanada, Gordon Giesbrecht, wanda ya sha shiga irin wannan ruwa da kansa don bincike, ya taƙaita wa mutane abin da ke samun wanda ya faɗa ciki ba shiri: minti ɗaya na farko numfashi ya ƙwace masa, sai kamar minti goma da hannuwa da ƙafafu ke jin maganarsa, sai kamar awa ɗaya kafin sanyi ya gusar masa da hankali. Abin lura shi ne na tsakiyar. Tun kafin sanyi ya kashe mutum yake raba shi da yatsunsa. Mai nutso kuwa duk rayuwarsa a yatsu take, da su yake danna maɓalli, da su yake kwance maƙalli, da su yake magana.

Saboda haka ba a shiga wannan ruwa da rigar roba da ke jiƙewa. Akwai busasshiyar riga, wadda ke rufe mutum daga wuya zuwa ƙafa ruwa bai taɓa fatarsa ba, a sa tufafi masu kauri daga ciki, a haɗa ta da tukunya ta wani siririn tiyo don a riƙa hura mata iska. Da su ukun suka shiga, nan da nan rigar na ukun ta fara yoyo. Dole ya fito ya koma jirgi ya sauya kaya. Saura biyu: Hill da wani saurayi ɗan shekara 22 daga Miami, Steven Duque. Shi ma sanyi ya kama masa hannu ta safarsa, har ya fito ya ɗan ɗumama su ya koma. Yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa yadda zai yi alamar "lafiya" da masu nutso suka saba, ta haɗa babban yatsa da manuni, sai aka sauya masa alama da ɗaga babban yatsa kawai.

Ni a ganina a nan ya kamata a tashi. Ɗaya ya fita, na biyu hannunsa ya mutu, babu mai jiran ceto. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma na san abin da ke hana mutum tashi a irin wannan wuri. An sha wahalar sa kaya, jama'a na kallo, damar ba kullum take zuwa ba, kuma mita 6 ne kawai. Hill ba sakarya ba ce. Ta yi nutso a wannan teku a shekarar da ta gabata, sai dai wancan da iskar da ake turo wa mutum ta tiyo daga sama ne. Da tukunya a baya cikin ruwan ƙanƙara, wannan ne karonta na farko. Duque kuwa a Panama City ta jihar Fulorida ya yi makaranta, inda ruwa ke da ɗumi, bai taɓa shiga ruwan sanyi ba.

Sai maganar dalma, wadda ita ce ta ja su. Busasshiyar riga cike take da iska, tana sa mutum ya taso kamar gora. Don ya iya nutsewa sai ya rataya dalma. Su biyun kowanne ya ɗauki nauyin da ya kai kilo 27, kusan ninki biyu na abin da aka saba. Ba a kan ɗamara mai saurin kwancewa suka sa duka ba, wadda mutum zai fizge da hannu ɗaya ta zube. An cusa dalma cikin aljihuna masu zik. Ka tuna da yatsun Duque. Sannan akwai wani falmaran da mai nutso ke sawa, wanda ake hura wa iska ya ɗaga mutum sama. Nasu ba a haɗa shi da tukunya ba. Rigar kaɗai suka dogara da ita.

Ga abin da ruwa ke yi wa iska. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne ka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. A mita 10 iskar da ke cikin rigarka ta matse ta koma rabi. A mita 20 ta koma sulusi. Iska na matsewa, abin da ke ɗaga ka na raguwa, dalma kuwa nauyinta na nan yadda yake. Sai ka ƙara gudu zuwa ƙasa, iskar ta ƙara matsewa, ka ƙara gudu. Wanda aka horar ya san dole ya riƙa ƙara wa riga iska kaɗan-kaɗan tun daga farkon sauka, kafin gangarar ta fi ƙarfinsa. In ta fi ƙarfinsa kuma, ya zubar da dalma. In wannan ma ta gagara, saura abu ɗaya: na sama ya riƙe igiya ya hana ta tafiya.

Bayan ƙarfe shida na yamma suka nutse, ta wani buɗaɗɗen wuri tsakanin ƙanƙara a gaban jirgin. Ba a jima ba igiya ta fara gudu, ta Duque da ƙarfi sosai. Masu riƙo suka ga tana tafiya, suka ɗauka mutanen sun miƙe ne suna iyo a ƙarƙashin ƙanƙara, gefe-gefe, tunda ai an ce ba za a wuce mita 6 ba. Suka yi ta saki. Da suka ji fizga, suka ɗauka ƙari ake nema. Sai da igiya mai yawa ta tafi wani ya yi ƙoƙarin tsayar da ita, ta fi ƙarfin hannunsa, wani ya kawo masa ɗauki. A 'yan taku kaɗan daga wurin, ana nan ana wasa.

A ƙasa kuwa, agogon zurfin Hill ya nuna ta kai mita 57. Na Duque ya ƙure ma'auninsa, masu bincike sun ƙiyasta ya kai mita 67. A irin wannan zurfi kowane numfashi na cin iskar tukunya kusan sau bakwai fiye da na sama, tukunya ɗaya kuma kowannensu ya goya. Iskar naitirojin da muke shaƙa kullum ba ta yi mana komai, a can tana juya kai kamar maye, mutum ya kasa lissafin abin da ya sani sarai. Ga duhu, ga sanyi, ga dalma cikin aljihu.

Mai nutso na ukun nan da rigarsa ta yi yoyo, shi ne ya dawo daga jirgi bayan ya sauya kaya. Yana zuwa ya dubi igiyar da ta rage a kan ƙanƙara, ya gane abin da sauran ba su gane ba. Shi kaɗai ne mai horo a wurin. Aka ja igiya ana tambaya, ba amsa. Aka fara jawo su a hankali, don jawo mai nutso da sauri daga zurfi ma kisa ne, iskar da ta matse cikin huhu takan kumbura in ana tasowa. Da suka iso kamar mita 12 aka hango su cikin ruwa mai haske, ba mai motsi. Sai aka fizgo su. An fi awa ɗaya ana danna musu ƙirji ana hura musu iska. Ba su dawo ba. Tukwanensu kusan ba komai ciki. Binciken likitoci ya ce rashin iska ne ya kashe su, tare da lahanin da kumburar iska ta yi wa huhu.

Ba a rufe maganar ba, wannan kam sai a yaba. An sauke Kyaftin Douglas Russell daga shugabancin jirgin. A Janairun 2007 babban kwamandan rundunar, Admiral Thad Allen, ya fitar da rahoton bincike ga jama'a, ya ce abin da ya faru abu ne da za a iya kauce masa, kuma gazawa ce tun daga kan jirgin har zuwa shugabancin rundunar. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta fi kama ni. Da sauƙi a ɗora laifi kan matar da ta mutu, tunda ba ta da bakin kare kanta, ko kan samarin da aka miƙa wa igiya. Amma nutso a jirgin nan aikin gefe ne, ana ɗora wa mutum shi a kan ainihin aikinsa, in ya sami sarari ya duba kaya. Shugabannin da za su sa hannu kan izini su kansu ba su san abin da za su tambaya ba. Samarin nan kuwa, ina tausaya musu ƙwarai. An ce su saki in an ja, sun saki. Da wannan za su rayu.

Bayan haka rundunar ta sauya tsari. Ta tattara masu nutso a cibiyoyi na musamman inda nutso ne aikinsu na kullum, ta sa horon ruwan sanyi da na ƙarƙashin ƙanƙara ya zama sharaɗi, a 2015 kuma ta mai da nutso sana'a mai zaman kanta a cikin rundunar. Sai a 2017, bayan shekara 11, aka sake yin nutso daga jirgin Healy a Tekun Arktik.

In ka dubi yadda ake koyar da wannan aiki a daskararrun tafkunan Kanada da arewacin Turai, za ka ga nutson kansa shi ne ƙaramin ɓangare. Ana fara koya wa mutum busasshiyar riga a ruwa mara rufi har ya ƙware. Ranar aiki a auna kaurin ƙanƙara, a yanka rami mai kusurwa uku don mutum ya sami inda zai dafa ya fito. In akwai dusar ƙanƙara a kai, a share ta layi-layi daga ramin zuwa waje kamar wayoyin ƙafar keke, don na ƙasa ya ga hasken layukan ya bi su. Ana goya bakin shaƙa biyu, domin iskar da ke fitowa daga tukunya tana ƙara sanyi in ta buɗe, har ta daskarar da na'urar ta yi ta fesar da iska ba tsayawa. Ana ma hana mutum shaƙa daga ciki tun yana sama, don danshin numfashinsa kan daskare a ciki. Iskar tukunya a raba ta uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Igiyar mai ceto ta fi ta mai nutso tsawo. Wanda igiyarsa ta ɓace ana koya masa abin da zuciya ba ta so, kada ya yi yawon neman ƙofa. Ya taso ya jingina da rufin ƙanƙara ya tsaya cik, har mai ceto ya kewayo da doguwar igiyarsa ta taɓa shi. Kuma kowane ɗalibi sai ya yi zaman riƙon igiya, ya ji da hannunsa, kafin a ce ya gama.

Tun ina yaro na ga irin wannan zama, ban san sunansa ba. An kira wani dattijo ya yashe rijiya a wani gida a Tibiri, ƙasa ta cike ta, ruwa ya ja baya. Ya zo da sassafe da igiyarsa a kafaɗa. Ya warware ta duka a ƙasa, ya bi ta taƙi-taƙi da yatsa yana murzawa. Ya ɗaura fitila ya zura cikin rijiyar ya tsaya yana kallon ko za ta mutu. Ba ta mutu ba. Sai ya nemi inuwa ya zauna. Ƙanensa da ke riƙe masa igiya bai iso ba.

Hantsi ya yi, mata na jiran ruwa, maigidan ya fara ƙosawa. Ya ce, "Baba, ga samari nan har huɗu, kowanne ya fi ƙanen naka ƙarfi. Su riƙe maka mana."

Dattijon ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗana, in na ja sau biyu, me nake nufi?"

Babban cikinsu ya ce, "A jawo ka."

Wani ya ce, "A'a, a ƙara saki."

Dattijon bai ce komai ba. Ya naɗe igiyarsa, ya ce a gaya wa mata su yi haƙuri su ɗebo a maƙwabta. Sai bayan azahar ƙanen ya iso a kan keke, yana ba da haƙuri, taya ce ta yi masa faci a hanya. Ya tuɓe riga, ya kafa ƙafa a gindin itacen da aka gitta, ya naɗa igiya sau ɗaya a jikinsa. Ya hana kowa magana a bakin rijiyar, har mu yara ya kora baya. Sannan dattijon ya yi bisimilla ya sauka.